Ga Wake a Kasuwa, Ga Yaro Yana Kumbura

Shekara ashirin da uku ke nan ina auna wa mutane hatsi a Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Masara, gero, dawa, wake, gyaɗa, waken suya, babu wanda hannuna bai san nauyinsa a mudu ba. Mutum na tsayawa gaban rumfata, tun kafin ya buɗe baki nakan gane ko albashi ya shigo ko wata ya yi nisa. Duk wannan sani bai hana ɗan cikina kumbura ba, saboda rashin abin da ni kaina nake sayarwa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Maganata da 'yan'uwana maza ce, mu masu cefane.

Yaron yana da wata goma sha huɗu mahaifiyarsa ta samu ciki. A wajenmu an riga an yanke hukunci tun zamanin kakanni: nonon mai ciki ya ɓaci, yaron da ya sha zai sha ciki. Rana ɗaya aka cire shi, aka kai shi gidan kakarsa a Unguwar Shanu don ya manta da nono. Abincinsa ya koma koko da safe, koko da rana, da daddare a ɗan gutsura masa tuwo a dangwala a miya. Bayan wata biyu ƙyanda ta kama shi, gudawa ta biyo baya, ya zube. Ana nan sai muka ga ya fara cikowa. Kumatu suka fito, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul, muka yi hamdala muka ce jiki ya dawo. Gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, aka ce gadon dangin uwa ne. Ya daina wasa, ya daina dariya, in an taɓa shi sai wani siririn kuka marar ƙarfi, aka ce kewar nono ce za ta wuce.

Wata Laraba mahaifiyarsa za ta awon ciki, ta biyo ta kasuwa da shi a goye don ta karɓi kuɗin mota. A rumfar akwai wata dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, wadda ta daɗe tana sayen waken suya a wajena. Tana zaune a kan buhu tana jiran a auna mata. Ta dubi yaron, ta sake dubansa.

"'Yata, sauke min shi nan," in ji ta.

Ta ɗora shi a cinya, ta cire masa safa, ta danna manyan yatsunta a bayan ƙafafunsa biyu, ta ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali. Da ta ɗaga, ramin yatsun ya zauna daram, kamar an danna tuwon da ya kwana. Muna kallo, ramin bai cike ba.

"Alhaji, wannan ruwa ne, ba ƙiba ba ce. Rufe rumfar nan ku wuce asibiti yanzu."

Na ce, "Hajiya, ai yana cin abinci."

"Me yake ci?"

"Koko."

Ta daki buhun waken da take zaune a kai da tafin hannu. "Wannan fa, wa kake ajiye wa?"

Har yau ban samu amsar da zan ba ta ba.

Kwana goma sha biyu muka yi a asibiti. Na ɗauka nama da ƙwai za a ɗura masa, sai na ga wata madara ce 'yar tsinkakkiya da suke kira F-75, ana ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowace awa biyu ko uku, dare da rana. Likita ya ce jikin irin wannan yaro ya saba da rashi, hanta da zuciya da hanji duk sun yi rauni, in aka danƙara masa abinci mai nauyi lokaci guda ana iya rasa shi. Aka ce a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko da yake jikinsa ba zafi. Da kumburin ya fara sacewa nauyinsa ya ragu, hankalin uwarsa ya tashi, aka ce mata wannan ne alamar sauƙi. Sai ga ainihin yaron ya fito, fata da ƙashi, wanda ruwa ya ɓoye mana wata da watanni. Ran kwana na tara ya miƙa hannu ya kama hulata, ya yi murmushi. Na fita waje na zauna a gindin wata bishiya na yi kuka.

A can na ji sunan ciwon. Mu mukan haɗa su duka mu ce tamowa, amma iri biyu ce. Akwai mai busar da yaro ya koma kamar ɗan tsoho, wannan kowa ya gani ya san ba lafiya. Akwai kuma mai kumburi, wadda likitoci ke kira kwashiyoko, ita ce mai yaudara, domin tana zuwa ne sanye da rigar ƙoshi. Sunan daga Gana ya fito, ƙasar da kakanninmu ke zuwa fataucin goro. Wata likitar yara haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, tana aiki a Akara ta lura da yaran da ake yayewa a kan kunun masara suna kumbura suna mutuwa. Ta rubuta bayanin ciwon a 1933, a 1935 kuma ta sa masa sunan da ta ji a bakin mutanen Ga, wanda ma'anarsa ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Da na ji haka na yi shiru. Ashe abin da muke kira shan ciki su ma sun gani. Kakanninmu ba su yi ƙarya ba da suka ce yaron da uwarsa ta yi ciki yakan lalace. Inda aka yi kuskure shi ne wajen ɗora wa nono laifi. Nonon nan shi ne kaɗai abu mai gina jiki da ke shiga cikin yaron, da aka cire shi ba a maye gurbinsa da komai ba sai ruwan kamu. Likitoci sun tabbatar mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa da ciki, muddin ita ma tana samun abinci.

Yadda aka yi min bayani, jikin yaro gini ne da ake kan yi. Hatsi itacen wuta ne, yana ba da ƙarfin motsi. Tubalin ginin kuwa, wato furotin, yana cikin nono, ƙwai, kifi, nama, wake, gyaɗa da waken suya. Masara tana da ɗan nata, amma gurgu ne, sai an haɗa ta da wake yake cika. Garin rogo kuwa kusan babu komai a cikinsa ta wannan fanni. In rashin ya yi tsawo, sinadarin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini yakan ragu, ruwan ya tsiyaye ya taru a ƙafafu da fuska. Hanta ta tara kitse ta kumbura, ciki ya fito. Fata ta yi dabbare-dabbare tana saɓulewa kamar tsohon fenti. Garkuwar jiki ta faɗi, ciwon da wani yaro zai yi kwana uku ya miƙe, shi sai ya tafi da shi. Binciken baya-bayan nan ya nuna akwai abokan tafiya: ƙyanda, yawan gudawa, gubar da ke cikin hatsi mai fumfuna, da lalacewar ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji, kamar yadda aka gani a wani nazari kan tagwaye a Malawi da aka wallafa a 2013. Duk da haka ƙofar da suke shigowa ɗaya ce, yaron da aka bari da hatsi zalla. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Manyanmu sun san wannan ciwo a hotunan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, yaran Biyafara masu manyan ciki da jan gashi. Shi ya sa da yawa muke ɗauka ciwon yaƙi ne, ko na mutanen wata nahiya. To ga abin da ke faruwa a maƙwabta. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin Nagari Na Kowa, MSF, ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar saboda tamowa, kuma masu zuwa da irin mai kumburin sun ninka sau uku idan aka kwatanta da irin wannan lokaci a 2024. Waɗanda suka kai asibiti ke nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, a Jihar Kaduna kuwa kusan rabi. Da aka sake binciken a 2023 zuwa 2024, adadin ƙasar ya hau zuwa 40. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara kusan miliyan 2 ne ke fama da tamowa mai tsanani a ƙasar nan, kuma biyu cikin goma kaɗai magani ke kaiwa gare su. Wannan har da jiharmu, inda motocin masara da waken suya ke fita daga Saminaka da Giwa da Soba suna ciyar da kamfanonin abincin kaji na Kudu. Kaza tana samun waken suyanmu a ma'auni, ɗan mutum bai samu ba.

Na san abin da za a ce, tsada. Ba ni za a gaya wa tsada ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayun 2023 na ga yadda ciniki ya sauya a gabana. Mai sayen tiya ya koma mudu, mai mudu ya koma gwangwani. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Manoman Birnin Gwari da wasu sassan Giwa sun yi shekaru ba su iya zuwa gonakinsu na nesa saboda 'yan bindiga. Na ga magidanci ya tsaya yana jujjuya kuɗi a hannu, ya tambayi kuɗin wake, ya yi ajiyar zuciya, ya ce a ba shi masara. Wanda ya ce talauci ba shi da hannu a tamowa bai taɓa zama a kasuwa ba. Akwai gidajen da ko masarar babu, waɗannan haƙƙinsu yana wuyan hukuma da masu hali da masu fitar da zakka.

Amma ni lokacin da ɗana ya kumbura ba talaka ba ne. Kullum ana ɗora tukunya sau uku a gidana. Matsalar tana wajen rabo. Ku duba yadda muke yi. In an sa nama a miya, tsokar tana kwanon maigida, saura a kwanon baƙo, yara manya su yi wawar abin da ya rage, ɗan yaye kuwa romo. Maigida ya fita da daddare ya tsaya wajen mai shayi a soya masa ƙwai biyu, ko ya ci tsire a bakin titi ya goge baki ya shigo gida. In an ce a ba yaro ƙwai sai a ce zai koyi sata. Wanda ya fi kowa buƙata a gidan shi ne na ƙarshe a layi, don ba shi da bakin tambaya. In kuma ya kwanta, uwar ake zagi, a ce ba ta iya raino ba. Da me za ta yi rainon? Abin da ka shigo da shi a leda shi za ta dafa. A yawancin gidajenmu mace ba ta zuwa kasuwa, mu ne ke zuwa. Ayar da ta yi maganar shayarwa shekara biyu a Suratul Baƙara, ita ce kuma ta ɗora ciyarwa a wuyan uba. Mun riƙe rabin farko muna yi wa mata wa'azi da shi, rabi na biyu mun bar shi a cikin littafi.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin mai cefanen yau da kullum ba. Cikin ɗan shekara ɗaya bai fi kofin shayi ba, in ka cika shi da tsinkakken koko ka cika shi da ruwa. Kunun yaro ya zama mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali da sauri, kuma a sa masa wani abu. Dattijuwar nan ta koya wa matata haɗin da ake kira Tom Brown: gwangwani shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A tsince, a wanke, a jiƙa waken suyan a cire ɓawonsa, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama, a haɗa a kai inji. Garin yana makonni a rufaffen mazubi. In babu wannan, ga ƙuli-ƙuli a daka a zuba a kunu. Ga ƙosai da alale da awara, a marmasa masa. Ga busasshen kifi a cire ƙaya a daka. Ga garin zogale, ga kabewa, ga cokalin manja, ga kindirmo mai tsabta. Ƙwai ɗaya da aka dafa aka ba ɗan yaye ya fi amfani a gidan da biyun da uban zai ci a teburin mai shayi. Wata shida na farko nono zalla, ko ruwa ba a buƙata. Daga nan a fara abinci ana ci gaba da nono har shekara biyu. Daga wata tara zuwa sama yaro ya ci sau uku ko huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma a kwanonsa shi kaɗai, don a san abin da ya shiga cikinsa. A kai shi rigakafin ƙyanda yana wata tara. Da an yi wa nawa, wataƙila da ban rubuta wannan ba.

Gwajin da aka yi a rumfata kowa zai iya yin sa, ba ya cin ko sisi. Danna bayan ƙafafun yaro biyu, ƙirga uku, ɗaga. In rami ya zauna a duka biyun, asibiti a ranar, ba gobe ba. Kada a tsaya jiƙo, kada a je kemis a sayo maganin sa fitsari wai don ruwan ya fita, wannan yana iya kashe shi. A asibitocin unguwa akwai wani ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, shi ma tamowa ce mai tsanani ko babu kumburi.

Mu 'yan kasuwa ma da namu. Kowannenmu ya san hatsin da ruwa ya taɓa, da gyaɗar da ta yi fumfuna ta yi ɗaci. Mun kuma san wa ke sayen ta in an karya farashi: talaka, kuma sau da yawa kamun yara za a yi da ita. Gubar da ke ciki tana cin hanta, wuta ba ta kashe ta. Ribar da za a ci a nan ba riba ba ce. Haka abincin tamowa na leda, wanda ake yi da gyaɗa da madara da sukari da mai. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma a yunwar Nijar ta 2005, musamman a Maraɗi, aka ga ƙarfinsa, inda aka yi wa dubban yara magani a gidajen iyayensu ba tare da an kwantar da su ba. Kowace leda giram 92 ce, ana lissafa yawan da za a ba kowane yaro daidai da nauyinsa. Kyauta ake bayarwa, amma yana ɓullowa a kasuwannin Arewa ana sayarwa, manya suna shafawa a burodi. Duk ledar da ka gani a kan tebur, daga bakin wani yaro aka fizge ta. Shugabannin kasuwa su hana, kamar yadda za su hana sayar da kayan sata.

Gwamnati kuma ta riƙe nata. Jihar Kaduna ta taɓa nuna za a iya, lokacin da ta kafa shirin gaggawa na yaƙi da tamowa, KADENAP, a 2017, ta kuma ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida. Abin da ke kashe irin waɗannan shirye-shirye shi ne a sa kuɗi a kasafi a ƙi sakin su, uwa ta biya kuɗin Keke daga Rigasa ko Hayin Banki ta iso a ce mata kaya sun ƙare ta dawo wani mako. Yaron da ya kumbura ba shi da wani mako. Tun da Amurka ta janye yawancin tallafinta a farkon 2025 ya kamata mu gane cewa ran 'ya'yanmu ba abin jingina wa baƙo ba ne. Gyaɗar tamu ce, waken suyan namu ne. A sayi abincin ledar, a ajiye a kowane asibitin mazaɓa, a sa ido kada ya bi ta bayan gida. Malamanmu kuma su ɗauki maganar su kai mumbarin Juma'a, domin nan ne maza suke.

Ɗana yana aji biyu na firamare yanzu. Ya fi sa'o'insa ƙanƙanta, kuma duk lokacin da na gan shi a layi tare da su nakan tuna watannin nan da muka yi muna yaba ƙibarsa. Ran Asabar yakan biyo ni kasuwa ya zauna a kan buhu yana riƙe min bakin leda. Dattijuwar da ta cece shi Allah Ya yi mata rasuwa, Allah Ya jiƙanta Ya sa wannan a mizaninta. Abin da na gada daga gare ta tambaya ce guda. Duk magidancin da ya ce in auna masa masara, kafin in ɗaure leda nakan ce, "Malam, akwai ɗan yaye a gida?" In ya ce akwai, sai in ce ya rage gwangwani ɗaya na masarar in cika masa da waken suya. Wani ya yarda, wani ya ce in bar shi da abin da ya zo saya. Wanda ya tsaya saurare, nakan nuna masa yaron da ke riƙe da ledar, in ba shi labarin ramin da yatsa ya bari a ƙafarsa.